Abin da Kakanninmu Mata Suka Bari a Dutsen Kufena

Duk wadda ta taɓa fita daga Birnin Zariya ta nufi Wusasa ta ga Dutsen Kufena, ga shi nan zaune yamma da gari, baƙi wuluk da damina, fari-fari da hazon hunturu. Galibinmu dutse kurum muka ɗauke shi. Waɗansu na cewa mazaunin iskoki ne, waɗansu kuwa ba su san shi da kome ba sai wurin da malamai kan kai yara yawon buɗe ido. Alhali kuwa kufai ne na gari guda, da ganuwarsa, wanda mutane suka zauna a cikinsa tun ba a aza harsashin gidajenmu na Kwarbai ba. Yau ina so in bayyana muku yadda masu binciken kufai suke auna irin wannan wuri, domin na lura da wani abu da ya shafe mu: yawancin abin da suke karantawa a can kayanmu ne na mata.

Bari mu fara da abin da tsofaffi suka faɗa. An ce kafin a kafa birnin nan sarautar Zazzau ta zauna a Turunku, kudu da nan, a ƙasar da yanzu take cikin Ƙaramar Hukumar Igabi. Da mutane suka yi yawa, ruwa ya kasa, sai aka taso aka dawo Kufena, daga nan kuma aka gangaro inda muke. A jerin sarakunan Zazzau, Bakwa Turunku ke na 22, ana kuwa sa farkon sarautar a shekarar 1536. 'Ya'yan Bakwa su ne Amina da ƙanwarta Zariya, wadda aka ce sunanta garin ya ci. To, ga inda gizo ke saƙa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya sa Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, watau tsakanin 1421 da 1438. Kun ga ke nan tsakanin lissafin Kano da na Zazzau akwai fiye da shekara 100. Duka biyu manyan shaidu ne, amma ba su yi daidai ba. In shaidu biyu suka saɓa, sai a nemi na uku, na ukun nan kuwa ita ce ƙasar da kanta.

Me ya sa mutanen dā suke son gindin dutse? Tsaro da ruwa. A waɗansu ƙasashe masu manyan tafkuna, mutane kan zaɓi wani harshen tudu da ya kutsa cikin tafki, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku, sai su gina katangar dutse a wuyansa kaɗai, shi ke nan sun sami mafaka da aiki kaɗan. Mu a nan dutse ne ya tsaya mana a matsayin tafkin. Wanda ya hau kan Kufena zai hango ƙurar mahaya tun suna nesa ƙwarai. Ruwan saman da ya sauka a kan falalen dutse kuwa ba ya nutsewa, gangarowa yake yi ya taru a gindi, don haka ƙasar wurin takan riƙe laima bayan ta wani wuri ta bushe. Haka Kano ta tashi a gindin Dala. Haka kuma a cikin birninmu akwai Dutsen Madarkaci. Can yamma, Muhammadu Kanta Sarkin Kabi ya gina Surame a ƙarni na 16 kusa da babbar fadama, shi kuwa da duwatsu ya yi yawancin katangarsa, har yau ga su nan tsaye a ƙasar Sakkwato ko da yake an tashi daga garin wajen shekarar 1700.

Yanzu sai aikin awon kansa. Mutane da yawa suna tsammani mai binciken kufai da ya iso sai ya kama haƙa, kamar mai neman tukunyar kuɗi. Ba haka abin yake ba. Haƙa ita ce ta ƙarshe, wani lokaci ma ba a yin ta sam. Aikin farko tafiya ce da ƙafa. Akan jira sai an gama girbi, ciyawa ta bushe, ƙasa ta fito fili. Sa'an nan mutane su jeru kamar masu shuka, ko wane da tazarar taku kaɗan daga ɗan'uwansa, su yi ta tafiya a hankali idonsu a ƙasa. Duk abin da aka gani, ko tsingaro ne, ko kashin tama, ko duwatsun da aka jera da hannu, sai a rubuta shi, a kuma sa alamarsa a taswira daidai inda yake. Ganuwa kuwa bin ta ake yi daga farko har ƙarshe da igiyar awo da kamfas, a auna tsawonta, da faɗin gindinta, da zurfin gwalalon da ke bayanta, a lura da inda ta tsinke ko ƙofa ce ta asali ko kuwa ruwa ne ya yanke ta.

Inda ganuwa ta zaizaye har ta kwanta, ƙafa ba ta jin ta, amma daga sama ana ganin zanenta, domin ciyawar da ta tsiro a tsohon gwalalo ta fi ta gefe duhu. Saboda haka hoton da aka ɗauka daga jirgin sama babban makami ne. A yau an sami ƙari: akwai hotunan tauraron ɗan Adam, da ƙaramin jirgi maras matuƙi mai ɗaukar hoto, da na'urar hannu wadda ke faɗa wa mutum daidai wurin da yake tsaye a doron ƙasa. Duk da haka dai tilas sai an taka da ƙafa, don hoto ba ya bambanta tsohuwar ganuwa da kunyar gona in ba wani ya je ya duba ba.

Irin wannan aiki an yi shi a nan. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikin shekarun 1970 kuwa wani malaminta, John Sutton, ya bi ganuwoyin Zariya da Kufena ya auna su ya rubuta. Abin da ya fito fili shi ne, ganuwar ba ɗaya ba ce. Wadda muka sani, mai Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona da sauransu, wadda kewayenta ya kai kusan mil 10, ɗaya ce kurum daga cikin da yawa. Akwai waɗanda suka kewaye Kufena, akwai sauran tsofaffi a nan wajen birni, akwai kuma dogayen da suka zaizaye a filin da ke tsakani, waɗanda mutane kan haɗa su duka su ce ganuwar Amina. Ba a zamani ɗaya aka yi su ba, ba kuma mutum ɗaya ya sa aka yi ba.

Yaya aka san wadda ta riga wata? Ku da kuke ɗinki za ku fi kowa saurin ganewa. In an ba ki tsohuwar riga mai faci uku, ba sai an gaya miki wanne aka fara sawa ba: ki duba inda biyu suka haɗu, wanda ya hau kan ɗan'uwansa shi ne na baya. Haka ganuwa. Inda biyu suka gamu, wadda ta zo ta jingina da wata ita ce ƙarama. Inda gwalalon wata ya yanke jikin wata, wadda aka yanka ita ce babba. Da haka ake jera su bi da bi ko ba a san shekarar ko ɗaya ba. Ni a ganina wannan bai rage wa Amina daraja ba ko kaɗan. Sunan da ya yi ƙarfin da har aikin zuriya da yawa ya koma ana kiransa da shi, ai ba ƙaramin suna ba ne. Amma ya kamata yarinyar da ke aji ta san bambancin abin da ake faɗa da abin da aka auna.

Shekaru kuwa sai an ɗan yi haƙa. Akan yanka rami mai kusurwa huɗu, gefensa a miƙe sak, a riƙa sauka kaɗan kaɗan da ƙaramin cokalin magini da buroshi, ana tankaɗe ƙasar da rariya kamar gari. Ƙa'idar ita ce ta juji: sharar da aka fara zubarwa ita ce a ƙasa, ta jiya ita ce a sama. In aka sami gawayi a wani hawa, sai a naɗe shi da kyau a aika ɗakin gwaji. Wani Ba'amurke, Willard Libby, shi ya gano hanyar a ƙarshen shekarun 1940, har aka ba shi kyautar Nobel a 1960. Ko wane abu mai rai, itace ko dabba, yana ɗauke da wani irin sinadari a jikinsa, wanda daga ranar da ya mutu yake raguwa a kan ma'auni ɗaya, rabinsa na tafiya cikin shekara 5,730. In an auna abin da ya rage a gawayin, sai a san kimanin lokacin da aka sare itacen. Ta wannan hanya aka gane cewa wuraren narkar da tama da aka tono a yammacin Samaru sun haura shekara 1,000, na gindin Dala a Kano kuma sun kai wajen ƙarni na 7. Watau tun ɗaruruwan shekaru kafin Bakwa akwai mutane a ƙasar nan masu wuta da ƙarfe da gonaki.

To, yanzu na zo inda na fi so mu daɗe. Ku tambayi kanku, in gari ya tashi, me ke saura? Rigar sarki asu ya cinye. Sirdi da linzami sun ruɓe. Takobi tsatsa ta ci, ko kuwa maƙeri ya mai da shi fartanya. Ɗakin ƙasa ruwan shekara kaɗan ya isa ya kwantar da shi. Abin da ba ya ruɓewa shi ne dutse da yumɓun da aka gasa, su kuwa a hannun wa suke wuni? A hannun mace.

Wadda ta hau Kufena za ta ga ramuka masu santsi a jikin falalen dutse, dogaye, kamar an kwantar da akushi. Ba ruwa ne ya yi su ba. Wuraren niƙa ne. Wadda ta taɓa durƙusawa gaban dutsen niƙa ta san yadda dutsen nan yake da taurin kai: sai ki yi shekaru kina niƙa a kansa kafin ki ga ya ɗan lotsa. To, ki auna hannu nawa, gero da dawa nawa, suka bi ta ramin da ya yi zurfin da za ki sa hannu har wuyan hannu. Inda ramukan suka jeru kusa da juna, lalle mata ne suke taruwa suna aiki tare, kamar yadda ake yi a tsakar babban gida. Mai bincike yakan ƙirga su, ya auna zurfin ko wanne, ya sa su a taswira, daga nan ya sami haske a kan inda gidaje suka fi yawa da kuma daɗewar zaman. Haka duwatsun da aka jera a da'ira: ƙaramar da'ira mazaunin rumbu ce, don a ɗaga shi daga laima da gara, babba kuwa harsashin ɗaki. Duwatsu uku da suka yi baƙi da toka a tsakaninsu, ba sai na gaya muku ko mene ne ba.

Tsingaro kuwa shi ne littafin da ya fi kowane shafuka. Daga guntun baki kaɗai ana iya sanin faɗin tukunyar, a kuma san ko tulu ce, ko randa, ko tukunyar miya, ko kasko. Wanda ya yi baƙi ta waje ya hau murhu. Wanda ke da ƙananan huda madambaci ne ko abin ƙyafe nama. Sa'an nan ga ado. Masu ginin tukwane sukan mirgina wani abu a jikin ɗanyen yumɓu ya bar zane: murɗaɗɗiyar igiya, ko saƙaƙƙen kaba, ko ɗan itacen da aka sassaƙa. Ko wace zuriya da irin nata, domin 'ya daga uwarta take koya, kuma yayi yana sakewa kamar yadda na atamfa ke sakewa. Ga wata dabara mai daɗi. Masara ba 'yar ƙasar nan ba ce, daga Amurka ta zo bayan shekarar 1500. Saboda haka tsingaron da aka yi wa ado da totuwar masara ba zai riga wannan lokaci ba. Taba ma daga can ta zo, don haka inda aka sami guntun lofe na yumɓu, an san hawan nan na ƙasa bai wuce wajen shekarar 1600 ba. In kuwa aka tsinci gululu, an san a gidan nan wata ta zauna da mazari tana kaɗi, akwai auduga ke nan, akwai masaƙa, watakila har da marina.

Na taɓa kawo wa 'yan ajina guntayen wata fasasshiyar tukunya ta gidanmu, na ce su gaya mini ko mece ce. Kafin in rufe baki wata yarinya ta ce ta miya ce, don ga maiƙo ya shiga jikinta, ga kuma bakin ya yi faɗi. Ba ta taɓa jin sunan wannan ilmi ba, amma rabin aikin ta riga ta iya shi tun daga gindin murhu.

Kada ku ce wannan aiki na maza ne. A ƙasar Zimbabwe akwai wani babban kufai na dutse, katangarsa ta kai tsayin mita 11 a waɗansu wurare, an jera duwatsun ba tare da kwaɓi ba. Turawan mulkin wurin sun daɗe suna cewa baƙar fata ba zai iya irin wannan gini ba, wai baƙi ne daga wata ƙasa suka yi. Waɗanda suka fara tono wurin kuwa zinariya da kayan mamaki suke nema, suka yi ta kwashe ƙasa suna zubarwa. A 1929 aka aiko wata Baturiyar Ingila, Gertrude Caton-Thompson, ita da mataimakanta mata. Ta duba wurin daga jirgin sama, ta nemi inda ba a taɓa ba, ta haƙa hawa hawa har ƙasan harsashi. Me ta samu? Tukwane da kayan gida irin na mutanen ƙasar, tun daga sama har ƙasa. Ta tsaya gaban taron masana ta ce 'yan Afirka ne suka gina shi, aka yi ta jin haushinta, amma binciken da ya biyo baya ya gaskata ta. Da ƙasar ta sami 'yanci a 1980, sunan kufan nan ta ɗauka. A nan gida ma, Angela Fagg ta yi tono a Samun Dukiya a ƙasar Nok, inda aka sami kayan zaman yau da kullum na mutanen da suka yi shahararrun gumakan yumɓun nan.

Zancen Nok ya kawo mu ga abin da ke damuna. Tun da aka san gumakan Nok suna da tsada a Turai, mahaƙa suka bi wurare da yawa suka birkice su. Gunkin da aka ciro aka sayar ya zama kamar shafi ɗaya da aka yage daga littafi: yana da kyau, amma ba wanda zai san abin da ke gabansa da bayansa. Darajar tsingaro ko dutsen niƙa tana wurin da ya kwanta, da abin da ke ƙarƙashinsa, da abin da ke samansa. Da an ɗauke shi an sa a aljihu, ya zama tarkace.

Mu a Zariya ɓarnar ba ta masu neman gumaka ba ce, ta yau da gobe ce. Ganuwa ana sarar ta ana buga tubali, ana yin gini a kanta, gwalalo ya zama wurin zubar da shara. A wajen duwatsu kuwa ga masu fasa dutse suna sayar wa magina tsakuwa. Ba na zagin kowa. Wanda ke fasa dutse cikin rana abincin 'ya'yansa yake nema, wanda ya sari ganuwa kuma ɗakin da zai sa amarya yake so. Amma ramin niƙan da mata suka yi zuriya bayan zuriya suna lotsa shi, guduma na gama da shi kafin azahar. Dutsen Kufena da ganuwar Zariya duka suna cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta sa a ƙarƙashin kariyarta, akwai kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa wadda dokar 1979 ta kafa don tsaron irinsu. Sai dai takarda ba ta gadi. Sa'ad da za a tare ruwa a Kainji, wanda aka gama a 1968, an san ranar da tafki zai haɗiye tsohuwar Busa, saboda haka masu bincike suka yi gaggawa suka auna abin da suka iya. Namu ba shi da rana, kwando kwando yake tafiya, shi ya sa ba wanda ya firgita.

Ku matan aure, yawancinku ba za ku hau Kufena ba, amma birnin nan kansa a kan tsohon zama yake. In ana haƙa rijiya ko salga ko harsashi a gidanku aka ci karo da tukunya a binne, ko tarin tsingaro, ko irin ɗan dutsen nan mai santsi da muke kira gatarin aradu, wanda a gaskiya gatarin mutanen dā ne tun ba a san ƙarfe ba, ki roƙi maigida a dakata. Kada a fasa don a ga abin da ke ciki, kada a wanke. In da waya a gidan a ɗauki hotonsa yana nan a wurinsa, a auna zurfin ramin ko da da kamu ne, a gaya wa mai unguwa, a aika wa sashen binciken kayan tarihi na jami'a a Samaru. Kuma ku da kuke da tsofaffi a gida, ku tambaye su sunayen wurare: wace ƙofa aka toshe, wane kududdufi aka cike, ina marina take a dā. Mai awo yana bukatar waɗannan sunaye kamar yadda yake bukatar igiyarsa.

Ku 'yan makaranta kuwa, in malamarku ta kai ku Kufena bayan girbi, ku tafi da igiya mai tsawon mita 10 wadda kuka ƙulla a ko wace mita, da littafi da fensir. Ku zaɓi falale ɗaya. Biyu su riƙe igiya, ɗaya ta ƙirga ramukan niƙa, ɗaya ta auna tsawo da zurfin ko wanne, ɗaya ta zana su a takarda ta nuna ina ne gabas. Ku rubuta ranar da sunan makarantarku a ƙasa. Tsingaron da kuka gani ku zana adonsa, ku mai da shi inda kuka same shi. Takardar kuwa ku ba malama ta ajiye a ofis, domin 'yan ajin baɗi su tafi da ita su ƙirga su ga ko ramukan suna nan yadda kuka bar su.